Jatau da Sheƙar Shamuwa

A Tudun Gwanki akwai wata igiya ta rama wadda ba wanda ya san wanda ya tufka ta. Ba ta ruɓewa, gara ba ta cinta. Igiyar shekara ake ce mata, kuma a gida ɗaya take tun kaka da kakanni. Aikin mai riƙe da ita shi ne ya shiga daji kullum ya buɗe ido. Ran da ya ga bishiyar gurjiya ta yi jan fure ya yi ƙulli ɗaya, ran da agwagin fadama suka sauka ya yi wani, haka har shekara ta zagayo, sai ƙulle-ƙullen su warware da kansu a sake daga farko. Igiyar nan ba ta karɓar ƙarya. In mutum ya ƙulla abin da bai gani da idonsa ba, kafin ya sauke hannu ƙullin ya zame. Babban ƙulli kuwa shi ne na shamuwa, don ba mai zuba iri a ƙasa a garin sai mai igiya ya ɗaga ta a ƙofar Maigari ya ce shamuwa ta sauka.

Malam Barmo ya riƙe igiyar shekara arba'in bai taɓa sa garin asarar iri ba. Da ya rasu ya bar 'ya'ya biyu. Babbar ita ce Kuluwa, wadda tun tana ƙarama take bin ubanta daji, har ta kai tana gane tsuntsu da inuwarsa. Ƙaramin shi ne Jatau. Da yake igiya ba ta taɓa zama a hannun mace ba, sai dattawan gari suka tsallake Kuluwa suka damƙa wa Jatau, suka tashi suna karkaɗe riguna wai sun yi aikin hankali.

Jatau kuwa ba abin da ya iya a duniya sai ado. Yana da wata shuɗiyar babbar riga mai aiki har ƙasa, da hula zanna, da takalmin fata mai ƙara, in ya sa su ba ya gaida kowa sai da kai. Bai san bambancin hasbiya da kurciya ba, ko an dafa ma sai ya tambaya. Daji kuwa cewa yake yi wurin awaki ne. Aikin farko da ya yi bayan an ba shi igiya shi ne ya kira masu saran itace suka kayar da tsamiyar tsakar gidansu, wadda shamuwa ke sheƙa a kanta kowace shekara, saboda daminar bara wata ta yi masa kashi a kafaɗar riga.

Kuluwa ta zo ta tarar da tsamiya a ƙasa, sheƙa a warwatse. Ta ce, "Jatau, ka san abin da ka yi kuwa?"

Ya ce, "Na share gidana, Yaya. Tsuntsu ne fa. In bai sami nan ba ya sami can."

Bazara ta shigo, zafi ya tsananta, shamuwa ko gashinta ba a gani ba. Kullum manoma na ƙofar gidan Jatau suna tambaya, har suka hana shi barcin rana. Ran nan ya gaji, ya ɗauko igiya ya yi ƙullin shamuwa, ya zame. Ya sake, ya zame. Maimakon ya ji tsoro, sai ya jiƙa ƙaro ya dame ƙullin da shi ya shanya a rana ya ƙame, yana ta jin daɗin wayonsa. Ya sa riga ya tafi ƙofar Maigari ya ɗaga igiya ya ce shamuwa ta sauka. Gari duka ya fita aka binne iri a busasshiyar ƙasa. Aka yi ɗan yayyafin da bai jiƙa bayan jaki ba, iri ya tsira, rana ta bi shi ta ƙone ƙurmus.

Aka taru a ƙofar Maigari ana ta salati. Kuluwa ta ratsa maza ta karɓi igiyar ta sansana, ta ce a ba ta ruwa a ƙwarya. Tana tsoma ta ƙaro ya narke, ƙullin ya warware a idon kowa.

Maigari ya ce, "Jatau, irin da ya rage a garin nan bai wuce na shuka ɗaya ba. In shi ma ya ƙone, bana sai dai mu watse. Ka tafi ka nemo shamuwa duk inda take. In ba ka zo da ita ba, kada ka zo."

Jatau ya ce, "Ranka ya daɗe, ina zan same ta?"

Maigari ya ce, "Tambayi yayarka. Da mun tambaye ta tun farko da ba mu zo nan ba."

Kuluwa ba ta ko dubi fuskar Jatau ba ta ce, "Baba ya ce shekarar da ta wuce tana nan a baya, ba ɓacewa take yi ba. Shamuwa tana can inda daminar bara take. Ka hau kututturen tsamiyar da rana tsaka. Fararen malam-buɗe-littafi za su zo, ka bi su da baya da baya, ka ratsa rani, ka ratsa kaka. Ka kuma buɗe idonka, in kana da shi."

Ko a wannan tafiya sai da Jatau ya sa rigarsa da hula da takalmi, wai kada a raina shi a baƙon wuri. Ya hau kututture. Rana na kaiwa tsaka sai ga malam-buɗe-littafi dubu bisa dubu sun kewaye shi. Ya sauko ya fara ja da baya, taku bakwai ya ji ƙasa ta ɓace a ƙarƙashinsa, ya faɗi ragwajab a wata ƙasa mai sanyin safiya.

Ƙasar rani ke nan. Itatuwa duk tsirara, sai gawo kaɗai mai ganye, gurjiya kuwa ta yi ja wur tun daga nan har iyakar gani, in furenta ya faɗo sai ya yi ƙara kamar an yar da tasa. A gindin wata gurjiya wani dogon aljani na zaune, fatarsa duk ta tsattsage, gwiwoyinsa sun wuce kansa.

Aljanin ya ce, "Ya kai ɗan Adam, wane ne kai, kuma me ya kawo ka ƙasar da ta riga ta wuce?"

Jatau ya gyara hula ya ce, "Ni ne Jatau ɗan Barmo, mai igiyar shekara na Tudun Gwanki."

Aljanin ya ce, "Barmo mun san shi. Shekara arba'in yana gaishe mu. Tun da kai ɗansa ne, tambayarka mai sauƙi ce. A bayan rumbunka akwai wata 'yar bishiya mai kaurin gindi. Ta yi wata biyu tana fure a cikin sanyin nan, ba ganye ko ɗaya a jikinta. Wane launi ne furenta?"

Jatau bai ma san akwai bishiya a bayan rumbunsa ba. Ya ce, "Rawaya."

Aljanin ya yi dariya har furanni suka zubo. Ya ce, "Kariya ce, furenta ja-ja ne mai haske, kuma kullum a gindinta kake shanya hularka. Kan da ba ya ɗagowa ya duba ba ya bukatar ado. Ajiye hular ka wuce."

Ya wuce kai ba hula. Sanyi ya tafi, rana ta buɗe, hanya ta bi ta wata busasshiyar fadama wadda tsagoginta ke buɗe baki suna rufewa. Da baya yake tafiya, ba ya ganin inda zai taka, sai dai ya bi ƙarar fikafikan da ke bayansa. Sau biyu tsaga ta kama masa gefen riga yana fizgewa, kuma ba ransa yake wa kuka ba, rigar yake wa.

Da ya fita daga nan sai ya ji ƙanshin sabon hatsi. Ya shigo ƙasar kaka, inda dawa ta kai tsawon giginya. Wata tsohuwar aljana mai hannu huɗu tana sheƙar hatsi a bakin hanya, biyu na riƙe da ƙwarya, biyu na korar tsuntsaye.

Ta ce, "Ya kai mai tafiya da baya, ba a ratsa gonata sai an amsa. Wane tsuntsu ne ke jan doguwar baƙar wutsiya a gonarka idan hatsi ya fara nuna, kuma ina yake kai ta idan an gama girbi?"

Jatau ya ce, "Iya, zakara ne, kuma gida yake kai ta."

Tsohuwar ta ajiye ƙwarya ta dube shi sama da ƙasa. Ta ce, "Zalaidu ne, sakarai, kuma zubar da ita yake yi, ya koma ɗan tsuntsu kamar kowa har wata shekara. Shi ya san lokacin ado da lokacin ajiye shi. Ka taɓa taka gonar nan taka kuwa?"

Ya ce, "Akan ba ni labarinta."

Ta ce, "To ƙafar da ba ta zuwa gona me za ta yi da takalmi? Tuɓe."

Ya tuɓe. Ta buga ƙwarya sau ɗaya, sai ga tsuntsayen jan-baki sun taso daga cikin dawa har suka rufe rana. Suka bi shi suna saran ƙeyarsa, shi kuma yana ja da baya a kan kututturen kara ba takalmi, yana ihu yana kiran sunan yayarsa. Bai tsaya ba sai da dugadugansa suka ji ruwa.

Ya juya ya ga wani tafki wanda ba a hango ƙarshensa, ganyen bado ya rufe shi, kowane ganye ya kai faɗin tabarma, fararen furanni sun buɗe a tsakani. A bakin ruwan wani kwaɗo ne zaune, ya kai girman bijimi, da rawani a kansa.

Kwaɗon ya ce, "Ya kai ɗan Barmo, labarinka ya riga ka isowa, kuma ba mai daɗi ba ne. Ba zan tambaye ka abin bara ba, tun da bara ba ka nan ko da kana nan. Waɗannan malam-buɗe-littafi da suka kewaye ka a kan kututture, suka jawo ka har nan, wane launi ne a bakin fikafikansu?"

Jatau ya waiga da sauri, amma sun watse. Ya ce, "Fari ne dai duka."

Kwaɗon ya ce, "Baƙi ne. Sun sauka a hannunka, sun sauka a hancinka, kai kana duban ko sun ɓata maka riga. Tuɓe ta. Ga kuma sharaɗin tafkin nan: ganyen bado ba ya ɗaukar mutum sai ya faɗi gaskiya ɗaya a kansa. In ka yi ƙarya ka nutse, kuma a ƙasa akwai masu jira."

Jatau ya tsaya daga shi sai wando, ya taka ganyen farko ya ce, "Ni mutum ne mai ƙoƙari." Ganye ya lotsa, ruwa ya kai masa ƙugu, ya ji wani abu mai sanyi ya shafi ƙafarsa. Ya yi kururuwa ya ce, "Ni na sare tsamiya!" Ganye ya taso da shi. Daga nan bakinsa ya buɗe. Ya ce shi ya dame ƙulli da ƙaro. Ya ce bai taɓa kwana da tunanin gonar kowa ba. Ya ce ran jana'izar ubansa hankalinsa na kan wace hula zai sa. Haka ya yi ta tsallake yana tona wa kansa asiri, abin takaici kuma bai rasa abin faɗa ba har tsakiyar tafki. Ganye na ƙarshe ya ƙi ɗaukarsa duk abin da ya ce, sai da ruwa ya kai masa wuya ya ce, "Igiyar ta Kuluwa ce, ba tawa ba." Sa'an nan ya sami tudu.

A kan tudun gizagizai ne kwance suna hutawa kamar garken shanu, a tsakiyarsu kuma ga tsamiyar gidansu tsaye, da sarar gatari a gindinta. A kan reshenta Uwar Shamuwa take, baƙa mai farin ciki, ta fi raƙumi tsawo, dubban 'ya'yanta na kewaye da ita. Jatau ya zube.

Ta ce, "Ya kai mai rushe masaukin baƙi, me kake nema?"

Ya ce, "Ranki ya daɗe, ruwa muke nema. Irin garinmu saura na shuka ɗaya."

Ta ce, "Ruwa ba nawa ba ne, na Ubangiji ne. Ni 'yar aike ce, nakan riga shi isa in ba da labari. Amma ɗan aike ba ya sauka inda aka kayar masa da ɗaki. Kakar kakata a kan tsamiyar nan aka ƙyanƙyashe ta. Ina kake so 'yata ta sauka?"

Jatau ya ce, "Akwai kuka a gidan maƙwabcina."

Ta ce, "Maƙwabcinka bai yi mini laifi ba."

Ya ce, "To zan dasa wata tsamiyar."

Ta ce, "Dasa. In ta yi shekara ashirin sai mu zo. Irin naku zai jira?"

Uwar Shamuwa ta sunkuyo har bakinta ya kusa taɓa goshinsa. Ta ce, "Wurin tsamiyar muke so, ba wani ba. Tun da ka cire abin da ke tsaye a wurin, kai za ka tsaya. Ka hau kututture, 'yata ta yi sheƙa a kanka, ta yi ƙwai, ta ƙyanƙyashe, har 'ya'yan su tashi. Ci a tsaye, salla a tsaye, barci a tsaye. Za a ba ka ƙafar da ba ta gajiya, amma ba za a ɗauke maka hanci ba. Ran da ka zauna ko ka karkata har ƙwai ya faɗi, ran nan za mu tashi, abin da muka zo da labarinsa kuma ya bi mu. Ka yarda?"

Ya tuna fuskar Maigari, ya tuna masu jira a ƙasan tafki. Ya ce ya yarda.

Ta ce, "A mayar masa da rigarsa da takalminsa. Bai kamata mai masaukinmu ya tarbe mu ba ado ba. Hular dai a bar ta, wurinta muke bukata."

Aka sa masa riga. Shamuwa huɗu suka kama shi, biyu a hannu biyu a ƙafa, suka ratsa da shi kaka da rani a cikin ƙiftawar ido, suka dire shi a kan kututture da rana tsaka. Kafin ya gama haki, 'yar Uwar Shamuwa ta sauka a kansa da tsinke a baki.

Kuluwa ta fito ta gani. Ba ta tambaye shi yadda ya sha hanya ba. Ta ɗauko igiya ta yi ƙullin shamuwa, ƙulli ya kama ƙam, ta wuce ƙofar Maigari ta ɗaga. Dattawan da suka ce igiya ba ta zama a hannun mace ba wanda ya yi tari. Kwana uku hadari ya haɗo daga gabas, aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, aka fita da irin ƙarshe aka shuka, ya tsira.

Jatau kuwa yana nan tsaye. Sheƙa ta yi faɗi har ta rufe masa kunnuwa, shuɗiyar riga ta koma fara tun daga wuya har ƙasa, wari kuwa sai wanda ya matso ya sani. Kuluwa kan kawo masa tuwo ta ba shi a baki tana kawar da kai. Mutanen gari kan leƙo safe da yamma, ba don su gaishe shi ba, sai don su tabbata bai karkata ba. Ran da aka yi wata babbar iska sai da maza shida suka zo suka tokare shi da sanduna, suna yi wa ƙwai sannu.

Da yake ba shi da wurin zuwa, kuma ba halin ya sunkuya ya dubi riga, dole ya dubi abin da ke gabansa. Ya ga gina ta fito bayan ruwan farko, kaji na tsalle suna cafkewa. Ya ga albasar kwaɗi ta yi farin fure a gindin katanga, kwana biyu ta yanƙwane. Ya ga malam-buɗe-littafi sun taru a kan laka suna sha, ya ga baƙin da ke bakin fikafikansu, ya ji kunya ta rufe shi shi kaɗai. Ya ga wani ɗan tsuntsu da ya saba gani ruwan ƙasa ya wayi gari da jar riga. Tafasa ta yi rawayan fure a bayan rumbu kusa da kariyar nan. A kansa kuma aka ƙyanƙyashe 'ya'ya uku, suka yi gashi, suka fara gwada fikafikai suna taka masa goshi.

Wata uku da 'yan kwanaki, ran wata safiya gero ya fitar da kai, 'ya'yan shamuwa suka tashi ɗaya bayan ɗaya. A daidai lokacin Jatau ya hango wani baƙin abu mai doguwar wutsiya ya gifta ta saman dangar gona. Karo na farko ke nan a rayuwarsa da ya ga abu da idonsa ya kuma san sunansa.

Ya ɗaga murya ya ce, "Yaya! Yaya, kawo igiya! Zalaidu ya ja wutsiya, wallahi na gan shi!"

Kuluwa na bakin murhu, ba ta ko juyo ba. Ta ce, "Tun shekaranjiya na ƙulla. Sauko ka yi wanka, ga dashen tsamiya can na jiranka, kuma Uwar Shamuwa ta aiko a gaya maka baɗi ma nan za su sauka."